Motar Baba Ta Fita da Ƙafarta

Zuwa ga Yayana, babban wa madadin uba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yaran duka. Allah ya ƙara maka lafiya da kwanciyar hankali a inda kake, ya sa aikin da ya nesanta ka da mu ya zama alheri, ya dawo mana da kai muna masu rai. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna ta samu sauƙin ciwon gwiwar nan, ko da yake har yanzu sai da sanda, kuma har yanzu tana ɓoye maganin da ba ta so a ƙarƙashin matashi tana cewa ta sha. Baban tagwaye yana nan yana fama da makaranta da tulin takardun jarrabawa. Shagon ɗinki kuwa ya cika da aikin kayan 'yan makaranta, ko wajen ajiye ƙafa babu.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna, alhali ba mu daɗe da yin waya ba. Dalili shi ne, kai a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Ina fara magana za ka ce to, to, ka gane, sai ka yanke hukunci, ni kuma in ajiye waya da sauran zance a bakina. Takarda kuwa ba a katse ta, dole ka bi ta har ƙarshe. Maganar motar Baba ce, kuma ina so ka ji ta daga gare ni yadda ta faru, kafin wani ya tsinto maka rabinta.

Ka riga ka san ma'aikatar da Baba ya yi wa aiki ta nemi gidanta. Ba mu ga laifinsu ba, sun yi mana kara, sun bar Inna a ciki shekaru bayan rasuwarsa, yanzu kuma an turo sabon ma'aikaci yana zaune a masauki da iyalinsa suna jira. Ɗakin da muka gyara mata a gidanmu ya kammala, har labule na ɗinka masa. An ɗaure kaya, an kwance gado, an sauke hotuna daga bango. Abu ɗaya ya rage, wato abin da ke ƙarƙashin tamfol a rumfar da ke bayan gidan. Da na tambaye ka a waya, ka ce ai wannan mai sauƙi ne, a kira janwe, motar nan mai ɗaukar matattun motoci, ya ɗora ta a baya ya kai ta gidana a sake rufe ta. Na kai wa Inna saƙonka tana ninke zannuwa. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce motar da tun ranar da ta shigo gidan nan ba a taɓa ɗaura mata igiya ba, ba za a fara a kan idonta ba. Ta ce an riga an fitar da mutum ɗaya daga wannan ƙofa a ɗauke, ta gani, ya ishe ta. In motar ba ta fita da ƙafarta ba, to ita ma tana nan, sai dai sabon ma'aikacin ya zo ya same su su biyu. Ka san Inna, in ta ɗaga murya akwai sauran magana, in ta yi ƙasa da ita an gama.

Ban sani ba ko yaranka sun san matsayin motar nan a gidanmu, don haka in ka ga dama ka karanta musu wannan wajen. Korola ce ta kamfanin Toyota, fara mai dogon baya, Baba ya saye ta hannu na biyu tun ina goye. 'Yar Masaƙi yake kiranta, kuma duk baƙon da ya yi kuskuren tambayar dalili ya shiga uku, don sai ya ji tarihin tun daga tushe. Zai gyara zama ya ce a ƙasar Japan an yi wani ɗan kafinta da ya tashi yana ganin mahaifiyarsa tana wahala da saƙar hannu. Ya yi ta ƙere-ƙere har ya fito da injin saƙa wanda in zare ɗaya ya tsinke sai ya tsaya da kansa, ba zai ci gaba da saƙa yadi mai aibi ba. Ɗan wannan mutumin ne ya je Turai da Amurka ya ga yadda ake ƙera motoci, ya dawo ya ce su ma za su iya, ya buɗe sashen mota a cikin kamfanin saƙar mahaifinsa tun kafin yaƙin duniya na biyu. Baba yakan ƙara da cewa duk garin an yi ta yi masa dariya, amma wannan ina jin daga aljihunsa ya ciro shi don labarin ya yi armashi. Ka tuna yadda ni da kai muke haɗa baki a kujerar baya muna ƙarasa masa magana kafin ya kai, yana harararmu ta madubi? Sai da na girma na zauna a gaban keken ɗinki na gane abin da ke burge shi. Duk telan da ya taɓa zuba dogon ɗinki bai san zaren ƙasa ya ƙare ba, ya san darajar injin da ke tsayawa da kansa.

Alfaharin Baba ɗaya ne a kanta, wai ba ta taɓa kwana a hanya ba. Kuma gaskiyarsa ce. Ita ta kai mu makaranta, ita ta kwaso buhunan siminti lokacin gyaran ɗakin Gwaggo har bayanta na neman taɓa ƙasa, ita ta kai ka filin jirgi, ita ta garzaya da ni asibiti ranar da tagwaye suka ce sai sun fito. Ba ka nan a shekarar da ruwa ya cika kwarin da ke ƙarƙashin gada, manyan motoci masu ƙyalli suka yi layi a mace, masu su sun naɗe wando suna turi. Baba ya sa giya ɗaya ya ratsa a hankali, yana ɗaga musu hannu kamar mai gaisuwa, ya dawo gida ya ba da labarin har sai da Inna ta ce shayinsa ya huce. Amma shi ma ya riƙe mata amana. Kowace safiya sai ya buɗe bonet ya duba baƙin mai da ruwa, ya tashe ta ya tsaya yana saurare da kai a karkace, kafin ya yarda kowa ya shiga.

Da Allah ya yi masa rasuwa ka zo, kai ne ka ce kada wanda ya taɓa motar, a bar ta yadda ya bar ta. Kai ka sayo tamfol ɗin, mai kauri, aka lulluɓe ta aka ɗaure ta ko'ina. Ban kawo wannan don in ɗora maka laifi ba, Yaya, dukkanmu muka ce madalla, ni har kuka na yi don na ga ka kyauta. Mun ɗauka mota kamar babbar riga ce, a ninke a sa a akwati, duk ranar da aka buɗe a same ta yadda take. Tun daga lokacin kullum Inna sai ta share rumfar ta kakkaɓe tamfol ɗin, amma ba ta taɓa ɗaga ko gefensa ba, saboda kai ka ce.

To da Inna ta kafe, sai na rasa inda zan sa kaina, na nufi garejin Kawu Lamba Goma. Kada ka ce ka manta shi, aminin Baba ne, bakaniken da ya samu sunansa saboda kullum yana neman sufana mai lamba goma, alhali tana aljihunsa na baya. Ya tsufa yanzu, an yi masa aikin ido, yawancin yini yana zaune ne a kan tsohuwar kujerar mota a ƙofar garejin yana ba masu aiki umarni. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni sai ya gyara zama ya dube ni. Can ya ce ya san wannan rana tana zuwa. Washegari da safe sai ga shi a bayan babur ɗin Baban tagwaye, ya rungume akwatin kayan aikinsa a cinya.

Shi ya kwance igiyoyin, muka janye tamfol ɗin tare. Wallahi Yaya, daga waje sai ka ce jiya aka ajiye ta, fentin nan fari tas, har Inna ta yi murmushi ta dube ni irin kallon nan na ba na faɗa miki ba. Murnar ba ta je ko'ina ba. Tayoyin duk sun kwanta sun tsattsage. Batir ya mutu murus, farin gari ya rufe kawunansa. Da Kawu ya buɗe tanki, man da ke ciki ya koma wari kamar tsohon fenti. Birki ya kama ya manne. Da ya ɗaga bonet kuwa, ɓeraye ne suka yi gida sosai, da tsumman da Baba ke goge hannu suka yi shimfiɗa, suka bi wayoyi suka gaigaye. Kawu ya dafa motar ya ce irin waɗannan ba tafiya ke kashe su ba, zama ne, da an riƙa zagayawa da ita ko sau ɗaya a mako da yanzu makulli kawai za a murɗa. Inna ta tambaye shi, ya san haka ya taya aka ɗaure ta? Ya ce ya sani, amma wa zai buɗe baki ya ce wa masu kuka su hau motar mamaci su yi yawo, daga baya kuma shi kansa ƙafarsa ta kasa biyowa ta layin. Inna ta juya ta shiga ɗaki. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, don na ga da hannunmu muka cuce ta, kuma da sunan ƙauna.

Na tambayi Kawu ko akwai rai. Ya ce in injin bai daskare ba akwai. Ya ciro filogi, ya ɗiga mai a ramukan, ya bar shi ya jiƙa, sannan ya sa sufana ya juya injin da hannu. Ya juyu. Sai ya ɗago yana dariya da haƙoransa uku, ya ce 'Yar Masaƙi barci take, ba mutuwa ta yi ba. Daga nan rumfar ta koma gareji. Ni ce 'yar aike, in rufe shago in tafi kasuwar kayan mota da abin da ya lalace a leda. Abin da ya ba ni mamaki, motar da ta girme ni, amma duk abin da na nuna, mai shagon ko tashi tsaye ba ya yi, hannu kawai zai miƙa baya ya ɗauko. Da na faɗa wa Kawu sai ya ce ai shi ya sa yake jin haushin masu ƙera ta, sun yi mota da ba ta kawo wa bakanike abinci, in ma ta kawo, aikin rabin yini ne an sallame ka.

Maƙwabta kuwa suka samu wajen hira. Mai Tasi na gidan kusurwa, wanda shi ma irinta yake ja, ya ce tasa agogon tafiyarta ya gaji ya tsaya tun tuni, ita ba ta gaji ba, kuma da ita ya aurar da ƙannensa ya gina ɗaki biyu. Ungozomar asibitin unguwa ta ce ita ba ta san komai a mota ba sai zuba mai, amma tata ta sha shiga hanyoyin da ko babur ke tsoro, kuma ba ta taɓa kunyata ta da mai naƙuda a kujerar baya ba. Akawu na gidan sama, mai motar Turai, ya ce shi dai a bar shi da tasa, wannan ba ta da kyan gani, kujerunta kamar bencin makaranta, kuma farin jininta ya sa ɓarayi ba sa barinta ta huta. Mai Tasi ya ce duk ya yarda, amma a tambayi Akawu wa yake kai shi ofis duk ranar da ake jiran kayan gyaran mai kyan ganin su iso daga waje. Aka yi ta dariya, har shi Akawun, wanda daga baya shi ya ara mana jak ɗinsa na ɗaga mota.

Ni kuwa hankalina ba ya wajen dariya, don ranar miƙa makullin gida tana matsowa. Na ce wa Kawu ya bar batun birki da sauran ƙananan abubuwa, ya samu ta tashi kawai mu lallaɓa da ita. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ashe ban saurari ubana ba. Hannunsa na cikin inji ya ci gaba da labarin daga inda Baba yakan tsaya. Ya ce bayan yaƙi kamfanin ya kusa durƙushewa, aka rage ma'aikata, aka yi yajin aiki, har shi wanda ya fara ƙera motar ya sauka daga shugabanci. Da suka farfaɗo, abin da aka san su da shi shi ne a masana'antarsu ƙaramin ma'aikaci yana da ikon jan igiya a dakata in ya ga aibi, a gyara a wurin, ba a tura shi gaba ba. Ya ce to shi ma ya ja tasa igiyar, ba zai sa matar amininsa a motar da ba ta da birki ba ko da za a fitar da kayanmu titi. Na ji haushi, amma na tafi na sayo abin da ya ce.

Ana gab da ranar, komai ya haɗu. Sababbin tayoyi, sabon batir, an wanke tanki, an sauya mai, an ɗaure wayoyin da aka ga ɓarnarsu. Kawu ya zura hannu ta taga ya murɗa makulli. Injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Ya sake, haka. Ya yi ta yi har batir ya fara ja da baya. Ana cikin haka sai ga sabon ma'aikacin da matarsa sun zo auna tagogi, mutanen kirki, matar da tsohon ciki, suna ta ba mu haƙuri kamar su ne suka yi laifi. Kunya ta rufe ni. Da suka tafi na shiga wajen Inna, na same ta zaune a kan naɗaɗɗiyar katifa a ɗakin da ba komai, na durƙusa na roƙe ta ta bari a kira janwen, na ce ko don baiwar Allahn nan mai ciki. Ta ce ta ga matar, kuma ta tausaya mata, in ya kama ta kwana a rumfa kusa da motar su shiga gidansu, za ta kwana. Na fito ina jin haushinta, ina jin haushinka, har Baba sai da na ji haushinsa da ya koya mana son ƙarfe haka.

Kawu ya zauna a ƙasa ya jingina da taya yana tunani. Can ya ce mai yana zuwa, wuta ce ba ta isa filogi, ke nan akwai wayar da ɓera ya ci a inda ido ba ya kai. Ya kwanta ya zura hannu ƙarƙashin sitiyari yana bin damin wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, idonsa a rufe, don ya ce buɗe shi ba ya ƙara masa komai. Sai ya tsaya ya ce ga ta. Siririya ce, an cinye ta saura ɗan gashi, a lungun da yatsunsa masu kauri ba sa iya aiki. Ya ce in zo, ni da nake zura zare a allura tun safe har yamma. Na kwanta a kan tabarma da kayan shagona, na feƙe bakin wayar, na murɗa su tare yadda ya ce, na naɗe da baƙin salatif. Ya sake zura hannu ta taga. Ta yi tari, ta yi wani tarin, ta girgiza, sai ta kama.

Yaya, ka san ƙarar. Ba irin ta kowace mota ba ce, akwai ɗan kaɗawar nan a ƙasa-ƙasa. Hayaƙi ya turnuƙe rumfar, Mai Tasi ya ruga ya danna hon ɗin tasa motar, Ungozoma tana ta tafi. Na juya sai na ga Inna a bakin ƙofa, ta fito ba sanda. Ta ce ita ce, wannan ƙarar ce take ji daga kan kwana ta tashi ta ɗora ruwan shayi. Kawu ya juya baya yana goge ido da gefen riga, wai hayaƙi ne. Ban taɓa jin alfahari irin na wannan lokacin ba, da motar, da tsohon nan, da yatsuna ma.

Sai a ranar tashi muka tuna ba mu yi maganar wanda zai ja ta ba. Motar kaya ta riga ta tafi. Kawu ya ce shi da titi sun yi sallama tun aikin ido. Baban tagwaye babur kaɗai ya iya. Mai Tasi ya miƙo hannu a ba shi makulli, Inna ta yi masa godiya ta sa masa albarka, ta ce amma ɗan gida ne zai fitar da ita. Ɗan gida kuwa da ke wajen ni ce, kuma ka san ina da lasin, ni nake jan motar shago in kai kayan makarantu. Na karɓi makullin ina ji da kaina, na buɗe ƙofa na zauna. Sai na miƙa ƙafa na ji iska. Kujerar tana can baya inda Baba ya bar ta daidai dogayen ƙafafunsa, har da lotsawar bayansa a jikin soson, madubin kuma rufin mota yake nuna mini. Ashe duk kwanakin nan Kawu ta taga yake aiki da gangan, bai yarda ya zauna ko ya motsa ta ba. Ni kuma ka san ni, tsawon Inna na ɗauko. Na kai hannu ƙarƙashin kujerar na taɓa ƙarfen da ake ja, sai hannuna ya ƙi. Duk abin da muka sauya a motar, taya da batir da waya, ban ji komai ba, amma wannan na ji kamar zan tashe shi daga wajen zamansa. Na ce a miƙo mini matasai in cusa a bayana, in zauna a bakin kujera in lallaɓa.

Sai na ji ƙarar sandar Inna tana zagayowa ta gaban motar. Ta zo ƙofata, ta ba Kawu sandar ya riƙe, ta sunkuya da wannan gwiwar tata, ta ture hannuna ta kama ƙarfen da kanta ta ɗaga. Ta ce, matsa gaba 'yar nan, mai ita ba zai dawo ya ja ta ba. Na matsa. Kujerar ta yi ƙara ta tafi gaba ta kama, ƙafata ta sauka a kan kuloci. Inna ta miƙe da ƙyar, ta koma ta ɗaya gefen ta shiga gaba, ta ɗaura bel, ta ce in gyara madubin ma, ba ta son tuƙin ganganci. Na gyara ina kuka, ita kuwa idonta a bushe yana kan hanya.

Haka muka fita ta ƙofar nan mai ƙunci ba tare da mun goga ko'ina ba, Kawu a kujerar baya da akwatinsa, Baban tagwaye yana binmu a babur, maƙwabta sun tsaya a bakin layi suna ɗaga hannu. Inna ba ta waiwayi gidan ba. Tun daga kwanar farko ta fara yi mini gyara, wai ina saurin sauya giya, wai Baba ba ya taka birki haka, ita da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. A wajen fitilar kan hanya wani mutum ya leƙo daga motarsa ya tambaya ko ta sayarwa ce, ya ce irin waɗannan tsofaffin ba a samunsu yanzu. Inna ta sauke gilashi ta ce masa ya yi haƙuri, tana da masu ita. Muka isa gida lafiya, ko tari ba ta yi ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ban mayar da tamfol ɗin ba, kuma ba zan mayar ba. Na san umarninka ne, kuma ban saba tsallake maganarka ba, shi ya sa nake faɗa maka da kaina. Kawu ya ce in aka sake rufe ta, wata ran ko shi ba zai iya tashe ta ba. Yanzu ni nake kai Inna asibiti ganin likitan gwiwa a cikinta, kuma tun da ta gane akwai mota a ƙofa ta tuno da ƙawayenta da ta yi shekaru ba ta leƙa ba, kullum da inda za a kai ta. Kowace safiya ina buɗe bonet in duba mai da ruwa, tana tsaye a kaina tana duba ko na yi daidai. Motar tamu ce duka, ba tawa ba, kuma ina roƙon ka janye maganarka da bakinka, don Inna ba za ta sake sosai ba sai ta ji ka ce ka yarda.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata ɗinkinta yana nan na gama, mai zuwa nake jira. Ka shafa mini kan Babban Mutum da 'Yar Baba da Sarkin Surutu, Allah ya raya su ya yi musu albarka. Inna tana gaishe ku tana sa muku albarka, Gwaggo ma haka, Baban tagwaye da tagwayensa suna miƙo gaisuwa. Kawu Lamba Goma ya ce in gaya maka ka kira shi, yana da faɗan da zai yi maka, amma na ga alamar kewarka ce kawai.

Kujerar tana gaba yanzu, Yaya, daidai ƙafata. Ban san ranar da za ka zo ba, amma ni zan je filin jirgi in ɗauko ka a cikinta. In mun fito zan ba ka makullin, ka mayar da kujerar baya da hannunka, don duk gidanmu kai kaɗai ka gaji ƙafafun Baba.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwar da ba ta jin magana sai ta ga dama,
Auta